Kujerar Bazazzage

Malam na Samaru, bawan Kanawa, gaisuwa irin ta ubangida ga yaronsa. Yaya iyali? Yaya kuma ƙugun surukinka?

Kada ka fara mazurai, labari ya iso Kano tun ƙurar faɗuwar ba ta lafa ba. An ce tun da ka yi ritaya ka ajiye alli, ka rasa waɗanda za ka riƙa tsarewa da lacca, sai ka mai da garejin gidanka shagon kafinta. An ce ka yi odar wasu ƙarafa daga ƙasashen Turawa, kuɗinsu ya kusa lashe giratutinka, ka kuma tara littattafan da suka fi katakon gidan yawa. Bayan wata da watanni ka fito da kujera ɗaya tilo, ka kafa ta a tsakiyar falo, ka hana kowa zama sai babban baƙo. Allah ya kawo surukinka, dattijo mai mutunci. Ka tsayar da shi a kan ƙafafunsa ka zuba masa tarihin kujerar tun daga tushe, sannan ka ce masa bismilla. Bawan Allah ya zauna, ya jingina, ƙafar baya ta zare ta kama gabanta, hula ta yi gabas, carbi ya yi yamma. An ce ko a nan ba ka yi shiru ba, dattijo yana ƙasa kana yi masa bayanin dalilin faɗuwarsa a ilmance.

Ni dai ban yi mamaki ba. Bazazzage ko ƙishirwa yake ji sai ya nemi tarihin rijiyar kafin ya zura guga. Amma tun da haƙƙin bawa yana wuyan ubangidansa, zo ka zauna in koya maka. A tabarma za mu zauna, don kowa ya koma gida lafiya.

Kujerar da ka so kwaikwaya ita ce wadda Turawa ke kira Windsor. Faffaɗan katako ne guda mai kauri, an ɗan fafe shi ya zama mazauni, ƙafafu huɗu sun shige shi ta ƙasa, sandunan jingina sun tsaya a kansa ta sama. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinta. Duk inda ice biyu suka haɗu, an huda wa ɗaya rami zagayayye, an fere wa ɗayan kai zagayayye, an cusa wannan a cikin wancan. Rayuwar kujerar kakaf a wannan haɗi take. In ya kama, jikoki su gaje ta. In bai kama ba, kai ma yanzu ka san sauran bayanin.

A Ingila gidan wannan sana'a shi ne garin High Wycombe, yamma da Landan, a cikin tuddan Chiltern masu dazukan itacen beech. A ƙarni na 19 mutanen da ke fere ƙafafun kujerun garin ko shago ba su da shi. Sukan sayi bishiyoyi a tsaye, su kafa bukka a cikin dajin, su kayar da ice, su yanka shi gunduwa-gunduwa, su faskara tun yana ɗanye, su rage da gatari, su gyara da wuƙa mai ƙota biyu. Daga nan sai su ɗora a kan injin da ba ya cin wuta, ba ya shan mai. Doguwar sanda ce mai tanƙwaruwa a sama, an ɗaura mata igiya, igiyar ta naɗe icen da ake ferewa sannan ta sauka zuwa mataki a ƙasa. Mutum ya taka, ice ya juyo wajensa, ya kai masa bakin ƙarfe ya yanka. Ya ɗaga ƙafa, sanda ta miƙe ta mai da icen baya. Haka za a wuni. Sukan jera ƙafafun su sha iska har su bushe, sannan su kai wa masana'antun gari, ana lissafi da dozin goma sha biyu, wato 144. Garin ya yi suna da kujera har a 1877, da Sarauniya Biktoriya za ta wuce zuwa gidan Firayim Minista Disraeli a Hughenden, baka guda suka gina mata a kan titi da kujeru zalla, ta bi ta ƙarƙashi. Har yau laƙabin ƙungiyar ƙwallon garin na kujera ne. Ɗaya daga cikin na ƙarshe a masu ferar dajin, Samuel Rockall, ya rasu a 1962, shekarar da aka buɗe jami'ar da kuke cika mana kunne da ita. Bai taɓa gabatar da muƙala a taron ƙara wa juna sani ba, amma kayan aikinsa duka ba su kai kuɗin dakon naka ba, kuma kujerun da ke tsaye a kan ƙafafun irin su suna nan ana zama.

Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne duk kayan ɗaki babu mai shan wahalar kujera. Teburi ana ɗora masa kaya ya tsaya cak. Kujera kuwa a ja ta, a tura ta, a karkata, a miƙe ƙafa, a jingina har ƙafafun gaba su bar ƙasa. A Zariya abin ya fi muni, don ku ba kwa musu sai kun kishingiɗa a kan ƙafa biyu na baya, kuma ba kwa gama musu. Kowane irin wannan motsi yana girgiza kan ƙafar a cikin raminsa. Kai kuma ka dogara ga gam. To, gam yana kama ice ne ta gefen jijiyarsa, ba ta bakin jijiya ba, don bakin jijiya tsotse shi yake yi ya bar wurin fayau. Idan ka huda rami zagayayye a katako, yawancin bangon ramin bakin jijiya ne, ɗan siririn wuri ne kawai ta ɓangare biyu gam ke samun abin riƙewa sosai. Shi ya sa masu wannan sana'a ba sa ɗora wa gam nauyin da ya fi ƙarfinsa. Ice ne zai riƙe ice, gam ɗan rakiya ne.

Yanzu mu buɗe akwatin ƙarafan nan naka, tun da an ce har yanzu wasu suna cikin leda.

Wuƙar nan mai ƙota biyu da ka rataye a bango don ado, ita ce uwar aikin. Abokin tafiyarta benci ne da ake hawa a wawware ƙafa, mai matsewa da ake takawa. Ka taka, ta danne icen, hannuwanka biyu su sami sukunin jawo wuƙar zuwa gare ka. Da ita ake mai da faskararren ice mai kusurwa huɗu ya koma takwas, daga takwas ya zagaye. Ƙaramar ƙanwarta mai ɗan baki a tsakiya ita ke bi ta share sawun. Manoman ƙasar Wales da suka riƙa yi wa kansu kujerun sanduna a gida ba su da abin da ya wuce irin waɗannan, da gatari da abin huda. Su fere, su gwada, su ƙara ferewa. Jinkiri ne da shi, amma sannu ba ta hana zuwa.

Sai ƙarfen nan mai rami a ciki wanda aka ce kana nuna wa duk wanda ya shigo gaisuwa. Asalinsa na masu haɗa ƙafafun keken doki ne, a Amurka ya yi tashe a ƙarni na 19, da shi suke fere kan sandunan da ke shiga da'irar ƙafar. Ana ɗaura shi a majuyin hannu mai gwiwa, irin wanda kafintoci ke huda da shi kafin zuwan na lantarki. Sai an fara tsinana bakin sandar da wani ɗan ƙarfe mai siffar mazurari, sannan shi ya samu wurin kamawa, ya ci gefen icen yana shiga, ya bar kai miƙaƙƙe mai kauri ɗaya daga sama har ƙasa. Yana da sauri, kuma in za ka fere kai hamsin duk za su fito daidai wa daida. Amma yana da hali biyu da mai talla bai faɗa maka ba. Na ɗaya, ba shi da ido, inda hannunka ya nufa nan yake bi. Ka ɗan karkace, kan ya fito a karkace, ƙafa ta kalli Funtuwa alhali Kaduna ka aike ta. Na biyu, yana barin kafaɗa mai kaifi a gindin kan, kuma a nan ice ya fi saurin karyewa. Ƙafar kujerar Windsor a bubbuɗe take shiga, ba a miƙe ba, don haka kafaɗar ba za ta taɓa kwanciya sosai a jikin mazauni ba. Sai ka bi ta da wuƙa ka kwantar da ita.

Kayan aiki na uku shi ne wanda na tabbata ya sace zuciyarka, don ba shi da maraba da abin feƙe fensir, sai dai girma. Ka ga abin da ya tuna maka da aji, ka zaro kuɗi. Katako ne ko ƙarfe mai rami, bakinsa da faɗi yana tsukewa, an ɗaura masa reza a gefe. Ka cusa kan ƙafar ka murɗa, ɓawon ice ya riƙa fitowa siriri a nannaɗe, kan ya fito da tsini. Shi kaɗai ba ya aiki, yana da abokin aure: wani dogon abu mai tsini da ƙota a gicciye, wanda ake zurawa a ramin da aka riga aka huda, a murɗa, ya kankare bangon ramin ya ba shi irin wannan tsinin. Wannan haɗi mai tsini kafintocin Amurka suka fi riƙo da shi tun a ƙarni na 18, lokacin da Filadelfiya ke kan gaba a kujerun Windsor. Na Ingila yawanci miƙaƙƙen kai suke yi. Amfanin mai tsini biyu ne. Duk zaman da aka yi a kujerar ƙara tura ƙafar yake ciki, nauyin mai zama shi ke ƙara matse haɗin. Sannan yayin kankare ramin kana iya gyara kwanar ƙafar. Ka murɗa sau biyu ko uku, ka zare, ka share dusar da ta taru a bakin rezar, ka cusa ƙafar, ka ja da baya ka hango ta ta gaba da ta gefe. In ta karkata hagu, ka danna abin kankarar dama a murɗi na gaba. Da haka, kaɗan-kaɗan, ake kai ƙafafu huɗu su yi kama da juna.

A nan ne ka fara kwaɓa. Wanda ya tsinto ƙafar daga ƙarƙashin teburi ya ce gam ya bushe a jikinta yana ƙyalli, ba inda ya gogu sai can bakin tsinin. Ba sai na zo Zariya ba, na san cutar. A kasuwa akwai masu tsinin digiri 6, akwai masu digiri 12. Kai ka sayi mafeƙin daga wani kamfani, abin kankarar daga wani, don na biyun ya yi rangwame. Kan ƙafa mai digiri 6 a cikin rami mai digiri 12 ba inda zai taɓa sai ƙurya, bakin ramin kuwa a sake, ƙafa tana lilo a ciki. Ka cika gurbin da gam ka ce an gama. Mutumin da ya shekara talatin yana kayar da 'ya'yan mutane a jarrabawa saboda kuskuren lamba ɗaya, shi ne ya kasa bambanta shida da sha biyu. Allah ba ya barci.

Ga lissafi tun da shi kake so. A tsinin digiri 6, in ka rage kaurin kan ƙafa da milimita 1 kacal, ƙafar za ta ƙara nutsewa kusan milimita 10. A na digiri 12, kusan milimita 5. Wato murɗi ɗaya na ganganci ya isa ya mai da ƙafa guda gajeriya a cikin 'yan'uwanta. Shi ya sa ake barin ƙafafu da rarar tsawo, sai an gama haɗawa a ɗora kujerar a wuri mai daidai, a zana, a yanke su tare. Ga kuma aikin da allin da ka ajiye zai yi maka. Ka shafa shi a bangon ramin, ka cusa ƙafar ka ɗan juya, ka zare. Inda alli ya kama, nan ice ya taɓa ice. In ya zagaye kan tun daga gindi har baki, haɗi ya yi. In tabo biyu ka gani, koma bakin aiki.

Abin dariyar shi ne wannan ilimi da ka biya kuɗin jirgi aka kawo maka yana nan a maƙerar bayan gidanku. Je ka tsuguna wajen maƙeri ranar da yake saka wa gatari ko fartanya ƙota. Zai zaɓi ƙota mai ƙulli a kai, inda jijiyoyin icen suka harɗe ba sa tsagewa. Zai sa tsinin ruwan gatarin a wuta har ya yi ja, ya dasa shi a ƙullin, hayaƙi ya tashi, ya zare, ya sake gasawa, ya sake dasawa, har ƙarfen ya ci wa kansa ramin da ya yi daidai da jikinsa. Ba ruwansa da digiri, abin da zai zauna a ramin shi ya haƙa ramin. Daga nan kowane sara ƙara zaunar da shi yake. Wannan shi ne haɗi mai tsini, kakanninmu da shi suka share gonaki. Da ka kai wa maƙerin goro ka yi tambaya, da giratutinka yana nan da sauransa. Sai dai na sani, Bazazzage ba ya karɓar karatu daga wanda ba shi da allon suna a ƙofar ofis.

Kwaɓa ta biyu ta fi ta farko girma, ita ce ta ruwa. An ce a tsakiyar damina ka sayo icen, ka fere kawunan a ranar, ka haɗa washegari. Ice ɗanye cike yake da ruwa, in yana bushewa yana tsukewa. Tsukewar kuma ba ɗaya ba ce ta kowane ɓangare. A tsawo kusan babu. A kauri kuwa, ta bin zagayen zoben shekarun bishiyar yakan tsuke kusan ninki biyu na yadda yake yi daga tsakiya zuwa ɓawo. Don haka kan da ka fere zagayayye yana ɗanye, in ya bushe ba ƙanƙancewa kawai zai yi ba, zagayensa ma zai baje ta gefe ɗaya. Kai ka haɗa kujera a watan Agusta, lokacin da ƙofofin gida ke kumbura suna ƙin rufuwa, sannan ka kira baƙo a watan Janairu, lokacin da hunturu ke fasa leɓe da dunduniya. Iskar da ta tsotse ruwan jikin mutum kana zaton za ta ƙyale na marke?

Masu sana'ar sun juya wannan hali na ice ya zama bawansu. Dokar ita ce, kan da zai shiga ya fi ramin da zai karɓe shi bushewa. Wani lauya a birnin Baltimore na Amurka mai suna Alexander ya fitar da littafi a 1978 kan yadda ake kujera daga ɗanyen ice, kuma wannan doka ce ƙashin bayansa. Irin kujerar da ya koyar mai ginshiƙai huɗu ce da sanduna a gicciye, kan kowace sanda kaurinsa kashi biyar cikin takwas na inci. Sandunan a busar da su ƙarau, ginshiƙan a bar su da ɗan sauran danshi. In an buga, busasshen kai ya sha danshin ginshiƙi ya kumbura, ginshiƙin kuma yana bushewa yana tsuke ramin a kansa. Biyun su riƙe juna riƙon da ko guduma sai ta sha wuya. Har da wata dabara: matsin ya kasance ta sama da ta ƙasan kan, inda yake tokarar bakin jijiyar ginshiƙin, a ɗan rage gefe da gefe, don matsin gefe shi ke tsaga ginshiƙi. Ka lura, lauya ne shi ma, ɗan boko irinka. Bambancinku shi ya iya jira.

Busar da kawunan ba ya bukatar odar komai daga waje. Wasu akwati suke yi su sa ƙwan lantarki a ciki, su zura kawunan ƙafafun su kwana biyu suna shan ɗumi. Tsofaffin masu sana'ar kuwa yashi mai zafi suke turbuɗa su a ciki. Ka ari kaskon suyar gyaɗar uwargida, in ta yarda da kai, ka kula kada ka babbake su. Sai sun bushe sannan za ka yi ferewar ƙarshe, ka haɗa a ranar kafin su sake shan iska. Kuma kada wani ya ruɗe ka da maganin manomi na jiƙa ƙota ta kwana a ruwa. Yana aiki na yini guda. Icen da ya kumbura a cikin matsi jijiyoyinsa murƙushewa suke yi, in ya sake bushewa sai ya fi da sakewa. Abin da damina da hunturu ke yi wa kujera ke nan shekara bayan shekara, shi ya sa tun farko ake son haɗin da bai bar musu ƙofa ba.

Makullin ƙarshe shi ne weji, wanda aka ce ka ƙi sakawa wai yana ɓata ado. Kan ƙafar yana fasa mazauni ya leƙo ta sama. Kafin a buga shi ake tsaga shi da zarto, bayan an zaunar da shi a shafa wa siririn wejin busasshen ice mai tauri gam, a buga a tsagar. Kunne ke gaya maka lokacin tsayawa, ƙarar gudumar takan sauya daga kwas-kwas ta koma dim. Wejin ya buɗe kan a cikin ramin, ƙafa ba ta da hanyar komawa. Amma ka riƙe wannan kamar karatun sallah: wejin ya gitta jijiyar mazauni, kada ya bi ta. In ya bi ta, ka zama mai faskare, mazaunin zai rabe biyu a gabanka. Turawan Ingila ma da suke wannan aiki kullum, itacen elm suke zaɓa don mazauni saboda jijiyarsa a harɗe take, ba ya son tsagewa.

Mu ba mu da elm, amma maɗaci yana da irin wannan harɗaɗɗiyar jijiya. Malaina tana da sauƙin fafewa, sai dai tana jinkirin bushewa, kai kuma ba ka da haƙuri. Ƙafa tana son ice mai tauri irin marke, wanda aka daɗe ana ƙota da shi. Ƙirya kuwa bar wa masu turmi da taɓarya, rezar mafeƙinka ba za ta kai la'asar ba. Icen ƙafa da na sanduna, kowanne ka samu, ka faskara shi, kada ka yanka da zarto. Zarto layin da aka zana masa yake bi, ba ruwansa da jijiya, yakan gitta ta ya bar maka sandar da za ta karye a tsakiya. Faskare kuwa jijiyar yake bi daga kai har gindi, shi ya sa sandar jingina siririya take lanƙwasa ta dawo ba ta karye ba. Kada dai in ji an kama tsohon malami da gatari a gindin maɗacin jami'a da asuba, don ba zan zo beli ba.

Abin da ya fi ba ni tausayi, garinku garin Babban Gwani ne, wanda ya gina masallacin Juma'ar Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, ya ɗaga bakan gizo na ƙasa da azara da har yau masana gini ke zuwa kallo. Ga jikansa ya kasa tsayar da ƙafa huɗu a ƙarƙashin mutum ɗaya. Albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ko 'yar tsugunnon da iyayenmu mata ke tuƙa tuwo a kai, masassaƙi da gizagonsa ya fitar da ita daga gungume guda, ba haɗi ba gam, ba ta taɓa kunyata kowa a gaban suruki ba.

Na san amsar da kake shiryawa, har na ji ka gyara murya. Za ka ce Kanawa ba su da bakin magana, mu da kafintocinmu ke zuba wa kujera ƙusa kamar ana biyansu da kilo, mu da muka cika ƙasar nan da kujerun roba. To, saurara. Bature Michael Thonet na birnin Biyana ya fitar da kujerarsa mai lamba 14 a 1859: ice shida lanƙwasassu, da 'yan kusoshi masu murɗi guda goma, da noti biyu. A kwance ta, a cusa guda 36 a akwati mai faɗi da tsawo da zurfin mita ɗaya, a aika ko'ina a duniya, a haɗa a can. Miliyoyi ya sayar. Wannan ko ba a faɗa ba ka san Bakano ne aka haifa a wani gari. Mu mun san abin da muke yi: kujerar biki daban, kujerar gado daban, kowacce da kuɗinta. Kai ne ka ce za ka yi ta gado, ka ɓuge da wadda ko walimar suna ba za ta kai ƙarshe ba.

Saboda haka ga hukuncin ubangida. Kuɗin sharar bana ba za ka gan su ba sai ka sake wata kujerar. Ka sayi abin kankarar da ya dace da mafeƙinka, ka faskara icenka, ka busar da kawunan, ka gwada da alli, ka buga weji a gicciye. In ka gama kada ka yi mata lacca, ka bar ta ta ci damina guda da hunturu guda a barandarka. Sannan ka ɗauko ta a motar haya ka kawo Kano. Za mu kai ta Kantin Kwari bayan azahar, mu nemo Alhajin da ya fi kowa tumbi a layin, wanda ya gama da malmala uku, mu ce ya zauna ya jingina, a kawo masa labarin faɗuwar farashin shadda don ya yi ta juyi. In ta ɗauke shi, zan ba ka kuɗin shararka har da na goro, in kuma yi odar dozin biyu a farashin sari. Zan sa a buga musu tambarin Kano a ƙarƙashi, in loda su a mota, in kai Sabon Garin Zariya in sayar wa 'yan'uwanka ninki biyu. Za su saya kuwa har da godiya, suna cewa ai kayan Kano daban ne.